Akuyar da Goggo Ta Fasa Sayarwa

Goggo yayar babana ce, ita ta rene ni tun ina shekara huɗu. Idan ka shigo layinmu ka tambayi gidanta da sunanta na yanka, sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma ka ce gidan Mai-awaki, kowa zai nuna maka, in ma ba a nuna maka ba hancinka zai kai ka. Gida ne ɗan ƙarami, ɗaki biyu da kicin, sai fili a baya. A gidan kowa wannan filin na shanya ne, a namu garke ne: rumfar kwano, turaku goma sha biyu, komin dusa da aka yanko daga tsohuwar ganga, da wata kujerar roba mai ɗaurarriyar ƙafa. A kanta Goggo take zama tana yi wa awaki faɗa, tana kiran kowace da laifinta.

Mijinta, Kawu, gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa a bakin titi. Mutum ne mai sanyin hali da son tsokana. Yakan ce shi ne na goma sha uku a gidan, sai an sallami masu ƙaho ake tunawa da shi. Goggo ba ta taɓa musa wannan magana ba.

Ta san awaki, wannan ko maƙiyinta zai shaida. Ta shafa hantsar akuya ta ce jibi za ta haihu, jibin kuwa sai ta haihu. Idan haihuwa ta gardama a wani gida, ita ake aiko wa, ta ɗaura ɗankwali ta tafi, ba safar hannu ba komai, sai sabulu da ɗan mai a murfin kwalba. Da hannunta ya fara ciwon sanyi sai ta koya mini, don nawa ya fi sirantaka. Ni nake sa hannu in juya ɗan da ya zo a karkace, ni nake kwashe mabiyiya in kai bayan katanga. Ban taɓa jin ƙyamar aikin ba, alfahari ma nake yi da shi.

Doka ɗaya gare ta wadda ba ta lanƙwasuwa: akuyar da ta yi ɓari ba ta cika kwana bakwai a gidan. Sai ta aika a kira dillali ya ja ta, a madadinta ta sayo budurwar akuya mai sheƙi, wadda ba ta taɓa ganin matsala ba, ta ɗaure ta a turken waccan. Ba ta taɓa ba da dalili ba. Kawu ya taɓa cewa, “Mai-awaki, laifin me baiwar Allah ta yi?” Ta dube shi sau ɗaya, bai ƙara tambaya ba.

Ni a bakin babana na ji abin da ba a faɗa a gidan. Goggo ta taɓa samun ciki sau ɗaya, a shekara ta biyu da aurenta. Ya kai wata bakwai ya zube, daga shi kuma ba ta sake ko ɓatan wata ba. Shekara arba'in ke nan, ban taɓa jin ta ambata shi ba.

Shekarar da nake ba da labarinta, na dawo gidan da cikina na fari, wata biyar, bayan shekara uku ina jira. Mijina direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba, shi ya sa aka ce in zauna wajen Goggo har in sauka. Ba ta nuna murna a fuska ba, ba halinta ba ne. Amma na buɗe akwatinta ina neman almakashi na ga 'yan safuna guda shida da hula, an naɗe a leda, an tura can ƙasa. Wannan cikin nata ne kusan fiye da ni.

A garke kuwa abubuwa sun rikice. Shekara biyu ke nan ana samun ɓari, ɗaya ko biyu, Goggo tana sayarwa tana musanyawa. A wannan shekarar sai ga uku cikin sati uku. Duk a watan ƙarshe, 'ya'yan sun gama haɗuwa, har da gashinsu, sai su faɗo matattu. Uwar kuma washegari ta tashi tana cin harawa kamar ba ita ba. Abin da ya fi ɗaure wa Goggo kai shi ne duk sababbin ne, waɗanda ta zaɓo da idonta don lafiyarsu.

Babu wanda ba ta zarga ba. Ta canza mai dusa, bayan ta gaya masa maganar da har yau ba ya gaishe mu. Ta ce leda suke ci, ta sa muka tsince gidan tas. Ta ce bunsurun maƙwabta ne, ta ce ruwan famfo ne, ta ce hayaƙin injin niƙa ne. Har rediyon Kawu sai da ta hana kunnawa a tsakar gida, wai yana firgita masu ciki. Ta sayar da ukun ta kawo wasu uku.

Sai abin ya faɗa kan Ƙaho-ɗaya. Ita ba sayowa aka yi ba, a gidan aka haife ta, uwarta ta mutu, Goggo ta rene ta da bulumboti a gefen gadonta. Ƙahon ma a ƙofar kicin ta karya shi, garin satar tumatir. Cikinta na fari ne, tagwaye. Da hantsi na fito na same su a ƙasa matattu, ita tana lasar su tana ɗan kuka. Goggo ta tsaya daga bakin rumfa, ta kasa matsowa. Ni na kwashe su, na kwashe mabiyiyar, wadda na ga ta yi kauri da wani ruwa ja-ja mai datti, ba irin wadda na saba gani ba. Na ɗauraye hannu a bokiti na koma na ci gaba da tsintar shinkafa.

“A kira dillali?” in ji Kawu.

“Kwana bakwai ai bai cika ba,” in ji Goggo, ba ta dube shi ba.

Kawu ne ya jawo mana Likita. Wani mai kawo masa gyaran agogo direba ne a wata cibiya da ake binciken cututtukan dabbobi, Kawu ya yi masa ƙorafin an hana shi rediyo saboda ɓarin awaki. Kwana huɗu da ɓarin Ƙaho-ɗaya sai ga mota a ƙofar gida. Wata siririyar mata ta fito, da tabarau, da takalmin roba har gwiwa, da akwatin ƙanƙara a hannu. Ta gaishe da Goggo da ladabi, ta ce bincike take yi a kan wata ƙwayar cuta mai sa awaki ɓari, ana kiranta kilamidiya, tana so a ba ta izini ta ɗebi jini. Goggo ba ta wahalar da bakinta da sunan ba, daga ranar “abin” take ce masa.

Ina zaune a ƙofar kicin da tire a cinya, ina jin su.

“Mama, ina waɗanda suka yi ɓarin?”

“Na sayar. Ga masu lafiya nan, ɗebi nasu.”

“Duka kika sayar?”

“Ina ajiye su in yi me da su?”

Likita ta cire tabarau ta murza ido. “Ai su nake nema. Sai na yi gwaji zan tabbatar, amma in abin da nake zargi ne, akuyar da ta yi ɓari sau ɗaya galibi ba ta sakewa. Jikinta ya riga ya gane cutar, ya yi mata garkuwa. Sabuwar da kike kawowa ita ce ba ta da komai. Tana zuwa ta shinshina inda waccan ta zubar, ta kwasa, abin ya kwanta a jikinta shiru, sai ciki ya tsufa ya tashi.”

Goggo ta gyara zama a kujerarta. “Tsaya, 'yar nan. Wadda ta yi ciwon ita ce mai lafiya, wadda ba ta yi ba ita ce marar lafiya?”

“Kusan haka ne.”

“Wato ni da ƙafata nake zuwa kasuwa in kai magani in sayo ciwo.”

“Ba ciwo kike sayowa ba, Mama. Wadda ciwon zai kama kike sayowa.”

“To shi ke nan, na riƙe mai ɓari a cikinsu.”

“Ki riƙe ta, amma ki ware ta, don tana iya shafa wa sauran.”

“Yanzun nan kika ce ta warke.”

“Ita ba za ta sake ɓari ba. Amma abin yana iya kasancewa a jikinta.”

“Ta warke, kuma yana jikinta.”

“E.”

Goggo ta juya ta dubi Kawu, kamar shi ya ƙirƙiro cutar. Kawu ya duƙar da kai yana duba agogonsa. Ta tambaya ko akwai allura. Likita ta ce akwai a wasu wurare, amma ba ta gama gamsar da su ba, shi ya sa suke bin jinin waɗanda suka yi ɓari, suna son su gano takamaimai me jikinsu ya koya, ko za a iya koya wa sauran ba tare da sun rasa 'ya'ya ba.

“Shekara nawa kina wannan karatun?”

“Tara.”

“Tara. Ba ku gama sani ba.”

“Ba mu gama ba, Mama.”

Na ga wannan amsar ta ɗan burge Goggo, don ba ta son mai cika baki. Ta tashi ta riƙe mata Ƙaho-ɗaya da kanta aka ɗebi jini a wuya. Likita tana rubutu a jikin kwalba ta tambaya ina aka kai mabiyiyar, kuma wa ya kwashe.

“Ni ce,” na ce, na ajiye tire na miƙe don in nuna mata wurin.

Sai a lokacin ta ga cikina. Alƙalamin ya tsaya a hannunta. “Da hannunki? Ba safa?”

Na yi dariya, na ce tun ina yarinya nake yi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in koma baya, in fita daga garken yanzu-yanzu. Ta ce ba kasafai yake faruwa ba, kada mu firgita, amma wannan ƙwayar tana iya kama mace mai ciki, in kuma ta kama ta tana iya yi mata abin da take yi wa akuya. Kada mu firgita! Na dubi hannuwana, ga ɗan yankan wuƙa a babban yatsa tun wancan satin. Na tuna shinkafar da na tsince, muka ci.

Likita ta yi rubutu a takarda ta ce in kai asibiti yau, ba gobe ba. Goggo ta raka ta har mota, ni ina bayan ƙofa ina neman takalmi, don haka na ji abin da ba a so in ji.

“Likita, in tambaye ki. Mace mai ciki wata bakwai, tana karɓar haihuwar awaki da hannunta, sai zazzaɓi ya rufe ta kwana uku, cikin ya zube. Da daɗewa, shekara arba'in. Abin nan ne?”

“Ba zan iya sani ba, Mama. Abubuwa da yawa suna kawo haka.”

Goggo ta naɗe hannun rigarta ta miƙa mata damtse. “Ga kwalabe nan a akwatinki. Ɗebi nawa ki duba.”

“Ko an ɗiba ba zai gaya mana abin da ya faru a lokacin ba.”

“Kin ce akuya in ta yi sau ɗaya sai ta ci gaba da haihuwa. Ni na yi ɗayan. Ina sauran?”

Likita ta riƙe hannun Goggo ta sauke mata rigar. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado na yi kuka, ban san ko nawa nake kuka ba ko nata.

A asibiti wani sabon ruɗanin muka tarar. Nas ta karanta takardar ta ce, “Akuya? Cizon ki ta yi?” Na ce a'a. “Tunkuyi?” Na ce haihuwa na karɓa. Ta kira wata, ita kuma ta kira wani, sai da aka kai ga wani dattijon likita wanda ya karanta ya buga wa tamu Likitar waya, suka daɗe suna magana. Aka ɗebi jinina, aka ba ni magani, aka ce in na ji zazzaɓi ko ciwon mara ko da tsakar dare ne in taho a guje. Na tambaya yaushe zan san na tsira. Ya ce mu dai bi a hankali.

Muna dawowa Goggo ta ce a kira dillali ya kwashe su duka, har turakun. Shekara arba'in da biyu na kiwo, ta ce a fitar mata da su kafin la'asar. Kawu ya kira Likita a waya ya sa a kunnen Goggo. Likita ta ce kada a sayar, duk gidan da suka shiga za su iya kai abin, kuma wa ya san ko akwai mai ciki a can. Goggo ta sauke wayar a hankali. Na san lissafin da take yi, na waɗanda ta riga ta sayar ne, da gidajen da suka shiga waɗanda ba ta san ƙofarsu ba.

“In riƙe, laifi. In sayar, laifi,” ta ce. “To ni in yi yaya?”

Da dillali ya zo ranar kwana bakwai kamar yadda ya saba, daga ƙofa ta sallame shi. Ya tafi yana waiwaye.

Gwaji ya fito bayan kwana goma, abin ne. Goggo ta bi duk abin da aka ce, duk da har yau ba ta yarda ta fahimta ba. Ta ƙone shimfiɗar garken, ta kankare ƙasa da shebur, ta zuba maganin da aka ba ta. Ta kafa wa Ƙaho-ɗaya turke a lungu ita kaɗai. Ta sa aka yi wa garken ƙofar langa-langa da kwaɗo, makullin a wuyanta. Ta ware zane da takalmi na shiga garke. Likita takan zo duk wata ta ɗebi jinin Ƙaho-ɗaya, Goggo takan tambaye ta, “Kun gano?” ita kuma ta ce, “Da saura.”

Abin da ba wanda ya ce ta yi, shi ne ta daina taɓa ni. Matar da take tsefe mini kai, take matsa mini ƙafa in sun kumbura, sai ta koma ajiye mini kofi a ƙasa ta ja baya. Ta daina dafa abin da zan ci, aka bar ni da girkin Kawu, wanda yake auna gishiri kamar yana gyaran agogo amma kullum sai ya zarce. Likita ta gaya mata wanke hannu da canza kaya sun isa. Ta ce to. Ta ci gaba da wankewa har bayan hannunta ya tsattsage, ba ta kuma taɓa ni ba. Na yi fushi, na yi magiya, na ce ni ba akuya ba ce da za a ware ni a lungu. Ta ce, “Ba ke aka ware ba.”

Cikina yana wata bakwai daidai zazzaɓi ya kama ni da yamma. Goggo ta fita ba mayafi ta tare mota a tsakiyar titi. A asibiti tana tsaye jikin bango, leɓɓanta suna motsi, har aka fito da sakamako aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da cizon sauro ba sai ranar. Har nas ɗin ta yi wa godiya kamar ita ta aiko sauron.

Ƙaho-ɗaya dai, bari in faɗa tun yanzu, tana nan. Haihuwarta uku bayan wannan, ba ta sake ɓari ba, kuma har yau tana satar tumatir. Goggo takan dube ta ta girgiza kai.

Ni kuwa na sauka da safe, ranar Talata, mijina yana hanya. Mace, lafiyayya, mai ƙarar murya. Da aka gyara ta aka ce 'yan uwa su shigo, Kawu ya shigo yana washe baki. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwanta biyu a baya. Ta yi wanka, ta sa kayan da ba su taɓa ganin garke ba, ga ledar 'yan safunan nan a hammatarta.

“Kaka, zo ki karɓi jikarki mana,” in ji nas.

“Na shiga garke da asuba.”

“Kin wanke hannu?”

“Na wanke.”

“To ai shi ke nan.”

Ba ta motsa ba. Ta ce wa Kawu ya kira mata Likita. Nas ta ce ga likita nan a ofis, Goggo ta ce ba shi ba, ta awaki. Haka aka yi, a ɗakin haihuwar mutane aka buga wa likitar awaki waya ana neman izinin ɗaukar jaririya. Kawu ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

“Mama, wannan kam na sani,” in ji Likita. “Ɗauki abinki.”

Goggo ta fito da hannuwan nan masu tsaga, ta goge su a zane duk da a bushe suke. Na miƙa mata. Yatsunta suka taɓa nawa, karo na farko a wata huɗu. Ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar, tana ɗan jijjiga ta kamar mai auna nauyi.

“Ashe haka suke da nauyi,” ta ce. “Nawa ba a ba ni na ɗauka ba.”

Kawu ya juya ya fuskanci taga. Goggo ta zauna a gefen gadona, ta kwance ledar da haƙori, ta fara sa wa yarinyar safa.